Daga Allon Itace Zuwa Allon Gilashi: Yadda Na'urorin Karatu Ke Jin Yatsa

Gabatarwa

Ɗalibin sakandare a Sundimina, ko a Gwaram, ko a cikin garin Birnin Kudu, yakan yi karatu a kan abubuwa huɗu mabambanta kafin ya kwanta barci. Da asuba yana riƙe da allon itace wanda aka rubuta da tawada da alƙalamin kara. Da hantsi yana kwafar darasi daga allon aji, yana kuma duba littafin takarda idan an yi dace akwai shi. Da dare kuwa sai ya ari wayar yayansa, ya buɗe tambayoyin jarrabawar shekarun baya waɗanda wani abokinsa ya turo ta WhatsApp.

Mutanen wannan yanki sun daɗe da sanin ajiye alama a kan fuskar abu. A duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, akwai zanen shanu da mutanen da suka yi, wanda masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya yi nazari a kansa a shekarun 1950. To amma dutse da allo da takarda ba su san an taɓa su ba. Gilashin waya ya sani, har ma ya san daidai wurin da yatsa ya sauka. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda hakan ke faruwa, musamman a na'urorin da aka ƙera domin karatu kaɗai, irin su Kindle da Kobo, sa'an nan ta duba abin da mai karatu ke samu da abin da yake rasawa idan ya bar wata na'ura ya koma wata. Batun ya shafi iyaye da shugabannin makarantu, domin kuɗin irin waɗannan na'urori da dalar Amurka ake lissafa shi, kuma tun daga watan Yuni na 2023 darajar naira ta faɗi ƙwarai. Wanda ya sayi abin da bai dace da shi ba, zai daɗe bai sami halin sayen wani ba.

Tawadar Lantarki

Da farko ya kamata mai karatu ya sani cewa fuskar na'ura, wato abin da masu gyaran waya ke kira sikirin, aiki biyu take yi, kuma kowane aiki da shimfiɗarsa. Akwai shimfiɗar da ke nuna rubutu, akwai kuma wadda ke jin taɓawa. Sau da yawa mutane kan haɗa su su ɗauka abu ɗaya ne.

Fuskar waya fitila ce. Haske ne ke fitowa daga cikinta ya shiga ido, shi ya sa ake ganinta sarai a cikin duhu, amma a tsakar rana sai mutum ya kare ta da tafin hannu, domin hasken rana ya rinjayi nata. Na'urar karatu kuwa tana amfani da abin da ake kira tawadar lantarki. An ƙirƙiro ta a jami'ar MIT ta Amurka a tsakiyar shekarun 1990, a hannun wani malami mai suna Joseph Jacobson da ɗalibansa biyu, Barrett Comiskey da J. D. Albert, kuma a 1997 aka kafa kamfanin E Ink domin sarrafa ta. Kamfanin Sony ne ya fara sayar da na'urar karatu mai irin wannan fuska a Japan a 2004, sai Amazon ya fito da Kindle a watan Nuwamba na 2007.

Ga yadda take aiki. An shimfiɗa miliyoyin 'yan ƙananan ƙwalaye, kowane faɗinsa bai wuce kaurin gashin kai ba. A cikin kowane akwai ruwa garai-garai, da fararen ƙwayoyi, da baƙaƙe. Fararen an yi su da sinadarin titaniyam dayoksaid, wanda shi ne ke sa farin fenti ya yi fari. Farare da baƙaƙen suna ɗauke da cajin lantarki mai saɓa wa juna. Ɗalibin fiziks ya san dokar nan cewa caji iri ɗaya suna korar juna, mabambanta kuma suna jan juna. To idan aka ba ƙasan ƙwalon wani caji, sai farare su taso sama, wurin ya yi fari. Idan aka juya cajin, sai baƙaƙe su taso, wurin ya yi baƙi. Da haka ake jera haruffa, ɗigo bayan ɗigo, har ɗigo 300 a tsawon inci ɗaya a na'urori na yanzu.

Abin sha'awa a nan shi ne, da zarar ƙwayoyin sun hau wurarensu, nan za su zauna ko da an yanke wuta. Ke nan ba a cin batir sai lokacin juya shafi. Kamfanin Amazon ya ce batirin Kindle Paperwhite na 2024 yana kai mako 12. Sai dai a lura da sharaɗin da aka gindaya, wato karatun rabin awa a kullum, tare da kashe intanet da rage hasken fitila. Mako 12 kwana 84 ke nan, rabin awa sau 84 kuma awa 42. Ɗalibin da ke karatun awa uku a kullum zai nemi caji bayan mako biyu. Duk da haka, mako biyu ba ƙaramin abu ba ne ga wanda yake biyan mai shagon caji kusan kowace rana.

Aibin wannan tawada shi ne nawa. Ƙwayoyi ne na zahiri suke iyo a cikin ruwa, don haka shafi yakan ɗan jinkirta kafin ya sauya, wani lokaci kuma inuwar shafin baya takan rage, sai fuskar ta yi baƙi ƙirin na ɗan ƙiftawar ido domin ta share kanta. Wanda bai sani ba yakan ɗauka na'urar ce ta lalace. Ba ta dace da bidiyo ba sam. Masu launi da suka fito daga Kobo da Amazon a 2024 launinsu a kwance yake, kamar na tsohuwar jarida.

Ta Yaya Fuska Ke Sanin An Taɓa Ta?

Hanyoyi uku ne suka fi yawa, kuma dukkansu an gwada su a kan na'urorin karatu.

Hanya ta farko ita ce ta danni. Ana ɗora wata leda mai laushi a kan gilashi, an shafe cikin kowannensu da sinadarin da lantarki ke bi, an kuma bar ɗan siririn fili a tsakaninsu. Idan aka danna, sai ledar ta lotsa ta taɓa gilashin, lantarki ya bi, na'ura ta auna ƙarfinsa ta gane wurin. Wani masanin fiziks Ba'amurke, George Samuel Hurst, shi da abokan aikinsa ne suka ɓullo da wannan a shekarun 1970. Ba ta zaɓen abin da zai taɓa ta, ko farce ne, ko tsinke, ko murfin biro. Waɗanda suka riƙe wayoyin taɓawa na farko masu ɗan sanda a gefe za su tuna da ita. Sony ya sa ta a kan na'urorinsa na karatu a 2008 da 2009, sai masu karatu suka yi ta ƙorafi, domin ledar ta dusashe rubutu tana kuma ƙyalli. Dalili a fili yake. Tun da tawadar lantarki ba ta da hasken kanta, dole hasken ɗaki ya ratsa ledar ya shiga, ya sake ratsa ta ya fito, kuma a kowace ratsawa ana asarar wani abu. Ba a daɗe ba aka yi watsi da ita.

Hanya ta biyu ita ce ta ragar haske. A nan ba a ɗora komai a kan fuskar. Ana jera 'yan ƙananan fitilu a gefuna biyu na firam, masu fitar da hasken infared, wato hasken da ke gaba da ja a jerin launukan bakan gizo, wanda idon ɗan Adam ba ya gani. Irinsa ne rimot ke aika wa talabijin. A gefunan da ke fuskantar fitilun kuma akwai idanun lantarki masu karɓar hasken. Sai ya zama akwai zaren haske a tsaye da a kwance, sun saƙu kamar tabarma, suna shawagi dab da saman fuskar. Idan yatsa ya sauko, sai ya tare wasu zaruruwa, na'ura ta duba wane na tsaye da wane na kwance ne suka yanke, mahaɗarsu ita ce wurin taɓawa. Wannan daidai yake da neman ɗigo a kan takardar giraf da x da y a darasin lissafi. Dabarar tsohuwa ce, kuma a harkar ilimi aka fara cin moriyarta, domin tun 1972 kwamfutocin koyarwa na PLATO a Jami'ar Ilinoi ta Amurka suna da irin wannan raga mai layi 16 a tsaye da 16 a kwance. Wani kamfanin ƙasar Suwidin mai suna Neonode ya ƙanƙanta ta, Sony ya ɗauka a 2010, kuma a 2011 Kindle da Kobo da Nook duk suka fito da na'urori masu ragar haske.

Amfaninta biyu ne. Rubutu yana fitowa tas tun da babu abin da ya shiga tsakaninsa da ido, sa'an nan tana jin kowane irin abu, ko da safar hannu ce. Amma nan ne kuma matsalarta take. Ba ta bambance yatsa da bakin hannun riga ko gefen mayafi, kuma babban ƙwaro ma idan ya sauka a kanta da dare yana iya juya wa mutum shafi. Bugu da ƙari, dole fuskar ta nutsa ƙasa da firam domin a sami wurin jera fitilun, kuma wannan lungu matattarar ƙura ce. Idan ƙura ta taru ta toshe wasu fitilu, sai wani sashe na fuskar ya daina ji. Sau da yawa maganin bai wuce a share lungun da busasshen ƙyalle mai laushi ba, amma wanda bai san yadda abin ke aiki ba sai ya ɗauka ta mutu.

Hanya ta uku ita ce wadda ke cikin kusan kowace wayar Tecno ko Itel ko Infinix da ke hannun jama'a a yau, wato mai jin lantarkin jiki. E. A. Johnson, wani injiniya a cibiyar binciken rada ta Malvern a Ingila, shi ya fara bayyana ta a 1965, domin masu kula da zirga-zirgar jiragen sama. Ta shiga hannun kowa da kowa bayan fitowar iPhone a 2007, kuma Kindle Paperwhite ya ɗauke ta a 2012.

Wannan tana bukatar a ɗan tsaya a kanta. A ƙarƙashin gilashin da ake taɓawa akwai layukan lantarki a tsaye da a kwance, waɗanda ba a gani, domin an yi su da wani sinadari mai ban mamaki, haɗin indiyam da kuza da iskar oksijin, wanda lantarki ke bi ta cikinsa haske kuma ya ratsa shi. Kuzan nan shi ne dai irin wanda aka daɗe ana haƙowa a ƙasar Jos. Layukan tsaye da na kwance ba su taɓa juna, akwai siririn abin da ya raba su, saboda haka kowace mahaɗa ta zama 'yar ƙaramar kafasita, wato ma'ajiyar caji, irin wadda ake koyarwa a ajin fiziks na babbar sakandare: faranti biyu masu ɗaukar lantarki da abin da ba ya ɗauka a tsakaninsu. Jikin mutum kuwa fiye da rabinsa ruwa ne, ruwan kuma mai gishiri, don haka lantarki yana bin sa. Idan yatsa ya kusanto wata mahaɗa, sai ya janye wani ɓangare na filin lantarkin da ke wurin, adadin cajin da mahaɗar ke riƙewa ya ɗan ragu. Wata 'yar ƙwaƙwalwar lantarki tana zagaya dukkan mahaɗun tana auna su sau da dama a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma inda ta ga canji, nan yatsa yake. Tun da kowace mahaɗa ana auna ta ita kaɗai, fuskar tana iya gane yatsu biyu ko fiye a lokaci guda, shi ya sa ake iya buɗa yatsu a ƙara girman hoto.

Daga wannan bayani mai karatu zai iya warware wasu abubuwa da ya saba gani. Wanda ya idar da alwala ya ɗauki waya da jiƙaƙƙen hannu, sai ta riƙa buɗe abin da bai nema ba, domin ɗigon ruwa ma yana ɗaukar lantarki, ta ɗauka yatsa ne. Manomin da fartanya ta sa wa kanta a hannu yakan taɓa sau biyu ko uku kafin waya ta amsa, musamman a lokacin hunturu, saboda busasshiyar fata mai kauri ba ta ɗaukar lantarki sosai, tana kuma nisanta tsokar da ke ɗauka daga gilashin. Danna da ƙarfi ba ya amfani, abin da ke taimakawa shi ne a kwantar da cikin yatsa maimakon tsininsa, ko a ɗan shafa mai. Haka nan wayar da ke danna kanta da kanta yayin da take kan caji, galibi caja ce maras kyau take shigo da hargitsin lantarki wanda ya fi ƙarfin ɗan canjin da ake aunawa. Idan an zare cajar abin ya tsaya, to ba fuskar ce ke da laifi ba, kuma babu dalilin kai ta a canza.

Akwai hanya ta huɗu a manyan na'urori masu alƙalami, irin su Kindle Scribe na 2022, inda wata ragar waya a bayan fuskar ke aika wa alƙalamin ƙarfin maganaɗisu, shi kuma ya mayar da amsa, ba tare da batir a cikinsa ba. Suna da daɗin rubutu, amma tsadarsu ta fitar da su daga lissafin yawancin ɗalibanmu.

Wace Ce Ta Dace Da Ƙasarmu?

A ra'ayin wannan marubuci, a ƙasa mai ƙurar hunturu irin ta kudancin Jigawa, fuska mai jin lantarkin jiki wadda take shafe ɗaya da firam ta fi dacewa, domin babu lungun da ƙura za ta maƙale. Na'urori masu ragar haske yawanci a cikin kayan gwanjo ake samunsu yanzu, da sauƙin kuɗi, kuma ba laifi a saya idan an gwada kowane lungu na fuskar an ga yana ji, an kuma tabbatar tsohon mai ita ya cire rajistarsa.

Sai dai akwai abubuwa biyu da mai sayarwa ba zai faɗa ba. Na ɗaya, zafi. Amazon ya ƙayyade cewa a yi amfani da Kindle tsakanin digiri 0 da 35 a ma'aunin Salshiyos, alhali a watan Afrilu zafinmu yakan haura digiri 40. Ba a nan take za ta mutu ba, amma batir yana saurin tsufa cikin zafi, saboda haka kada a bar ta a rana ko a kan tagar ɗaki mai rufin kwano. Na biyu, gyara. A ƙarƙashin tawadar yawancin waɗannan na'urori akwai wani gilashi siriri ƙwarai, wanda kan tsage idan an zauna a kan jaka ko an danne ta da littattafai, ko da saman bai nuna komai ba. Fuskar waya idan ta fashe, a kasuwar Farm Centre ta Kano za a canza ta a yini ɗaya. Fuskar tawadar lantarki kuwa da wuya a same ta a shagunanmu.

Game da lafiyar ido da barci, wani bincike da aka yi a wani asibitin koyarwa na Jami'ar Harvard, aka buga a 2015, ya sa mutum 12 karatu a iPad na tsawon awa huɗu kafin barci. An ga sinadarin melatonin mai kawo barci ya ragu a jikinsu, sun kuma ƙara kimanin minti goma kafin barci ya ɗauke su, idan aka kwatanta da daren da suka karanta littafin takarda. A lura cewa mutanen kaɗan ne, kuma fuska mai fitila aka gwada, an ƙure haskenta. Na'urar tawada tana da 'yan fitilu a gefe masu haska saman shafi, ana kuma iya kashe su gaba ɗaya da rana.

Sauya Na'ura: Littafin Na Wane Ne?

Wanda ya sayi littafin takarda a kasuwa, ya zama nasa. Zai ara wa aboki, ya bar wa ƙanensa, ya sayar idan ya so. Littafin lantarki ba haka yake ba a kowane lokaci, kuma ranar sauya na'ura ce mutum ke gane wannan.

Matsala ta farko ita ce sigar fayil. Sigar PDF, wadda kamfanin Adobe ya fitar a 1993, tana riƙe shafi yadda aka tsara shi, ba ya motsi. Wannan yana da kyau ga lissafi da zane-zanen kimiyya, amma a duba abin da ke faruwa a ƙaramar fuska. Takardar A4 faɗinta milimita 210 ne, fuskar na'urar karatu mai inci 6 kuwa faɗinta kimanin milimita 91. Ke nan shafin zai ƙanƙance zuwa kusan biyu bisa biyar na girmansa, harafi mai lamba 12 ya koma kamar mai lamba 5. A waya ana buɗa yatsu a ja shafin hagu da dama cikin sauri, amma a tawadar lantarki mai nawa wannan aiki ne mai gajiyarwa. Tun da yawancin abin da ɗalibanmu ke turawa juna, wato tambayoyin baya da takardun darasi, PDF ne ko hoton shafi, to ƙaramar na'urar karatu ba za ta biya musu bukata a nan ba. Inda ta yi fice shi ne sigar EPUB, wadda aka amince da ita a 2007, inda rubutu ke malala ya cika kowace irin fuska kamar ruwa a ƙwarya, mai karatu kuma ya zaɓi girman harafi. Kobo da manhajojin karatu na waya suna buɗe EPUB kai tsaye. Kindle yana da sigoginsa na kansa, kodayake tun 2022 yana karɓar EPUB idan an aika ta hanyar Amazon, inda ake juya shi. Akwai kuma manhajar kwamfuta ta kyauta mai suna Calibre, wadda Kovid Goyal ya fara a 2006, mai juya littafi daga wata siga zuwa wata.

Malamai su lura da wani abu a nan. A EPUB lambar shafi ba ta da tabbas, domin shafi na 40 a na'urar Audu yana iya zama na 65 a wayar Binta idan ta ƙara girman harafi. A irin wannan aji, da babi da sakin layi ake nuna wuri.

Matsala ta biyu ita ce kulle. Yawancin littattafan da ake saya a manyan shagunan intanet an kulle su da asusun mai saye, ba sa buɗuwa sai a na'ura ko manhajar wannan kamfani. A haƙiƙa izinin karatu aka saya. A watan Yuli na 2009 Amazon ya shiga na'urorin mutane daga nesa ya goge wasu littattafan George Orwell da suka saya, saboda wanda ya sa su a kasuwa ba shi da haƙƙin sayarwa, ya mayar musu da kuɗinsu, daga baya kuma shugaban kamfanin ya nemi afuwa. A 2019 Microsoft ya rufe shagonsa na littattafai, waɗanda aka saya suka daina buɗuwa, aka mayar da kuɗi. A watan Fabrairu na 2025 Amazon ya cire damar sauke littafin da aka saya zuwa kwamfuta domin a tura shi ta igiya. A gida Nijeriya ma, dandalin OkadaBooks, wanda Okechukwu Ofili ya kafa a 2013, inda marubutan Hausa da dama suka sayar da littattafansu, ya rufe a ƙarshen watan Nuwamba na 2023. Kada kuma wani ya ce zai fasa kullen, domin dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta hana hakan, kamar yadda ta hana yaɗa littafin marubuci ba da izininsa ba.

Abin da ya fi wa makaranta shi ne ta gina taskarta da littattafan da ba su da kulle kuma aka halatta rabawa, ta ajiye kwafinsu a kwamfutar makaranta da kuma a wata ma'ajiya daban. Akwai su da yawa. Project Gutenberg, wanda Michael Hart ya fara a 1971, yana da tsofaffin littattafai fiye da 70,000. OpenStax na Jami'ar Rice yana ba da littattafan fiziks da kemistiri da bayoloji kyauta. African Storybook yana da labaran yara da Hausa. Irin waɗannan suna bin mai su duk na'urar da ya koma.

Matsala ta uku tamu ce mu kaɗai da masu harsuna irin namu, wato haruffa masu lanƙwasa: ɓ da ɗ da ƙ. Kowane harafi yana da lambarsa a tsarin Unicode na duniya, amma sai salon rubutun da ke cikin na'ura yana da hotonsa kafin ya fito. Idan babu, sai a ga ɗan akwati ko alamar tambaya a gurbinsa, ko kuma harafin ya fito da wata kama daban da ta 'yan'uwansa. Littafin da ya fito lafiya a waya yana iya lalacewa haka a na'urar karatu. Wasu marubuta sukan guje wa matsalar ta hanyar zubar da lanƙwasar gaba ɗaya, sai ƙura ta koma kura, ƙafa ta koma kafa, ɓari ya koma bari. Babba ya gane daga ma'anar jimla, amma ɗalibin da zai rubuta jarrabawar Hausa yana koyon kuskure ne ba tare da ya sani ba. Maganin yana da sauƙi. Salon rubutu irin su Charis da Andika na ƙungiyar SIL, da Noto na Google, suna da waɗannan haruffa, kyauta ne, kuma Kindle da Kobo duk suna yarda a zuba musu sabon salo ta igiyar kwamfuta. Wanda zai sayi na'ura ya tafi da fayil mai ɗauke da jimlar Hausa ya gwada kafin ya biya.

Ranar Jarrabawa

Sauyin na'ura mafi hatsari ga ɗalibi shi ne wanda ke jiransa a zauren JAMB. Tun 2015 hukumar ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. Tambayoyi 180 ne a cikin awa biyu, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Ɗalibin da bai san wata na'ura ba sai waya, hannunsa ya saba da shafa gilashi, sai ga shi gaban fuskar da ba ta jin taɓawa, da madannai, da linzamin kwamfuta wanda ake motsawa a kan tebur kibiya kuma ta motsa a wani wuri. Duk mintin da ya ɓata yana kokawa da linzami, tambaya ɗaya da rabi ce ta wuce shi. Hukumar ta sauƙaƙa abin da tsarin madannai, inda A da B da C da D ke zaɓen amsa, N ta kai tambaya ta gaba, P ta mayar baya, S kuma ta miƙa aiki. Wajibi ne makarantun Birnin Kudu da Gwaram su tabbatar kowane ɗan ajin ƙarshe ya zauna gaban kwamfuta ta tebur sau da dama kafin ranar, ya kuma yi jarrabawar gwaji da hukumar ke shiryawa.

Akwai kuma batun fahimta. A 2018 Pablo Delgado da abokan aikinsa, mafi yawansu daga Sifen, suka tattara bincike 54 da suka shafi mutum fiye da 170,000. Sun gano cewa fahimtar abin da aka karanta a takarda ta ɗan fi ta fuskar na'ura, kuma bambancin ya fi fitowa a rubutun bayani, irin na kimiyya, da kuma lokacin da aka ƙayyade wa mai karatu lokaci. A labaran hira ba a ga wani bambanci ba. Yanayin jarrabawa ke nan daidai, rubutun bayani da agogo. Saboda haka ɗalibi ya koyi darasi mai wuya a takarda da biro a hannu, sa'an nan ya horar da kansa amsa tambayoyin fahimta a kan fuska, da agogo a gefe, yana tilasta wa idonsa karanta kowane layi maimakon tsallake-tsallaken da ya saba yi a Facebook.

Gwaji A Cikin Aji

Malamin kimiyya zai iya nuna yawancin abin da aka faɗa da waya ɗaya tak. A sa ɗalibai su taɓa fuskarta da gindin fensir na itace, da murfin biro, da bayan cokalin ƙarfe a hankali, da yatsa a cikin leda siririya, da yatsa a naɗe cikin ƙyalle mai kauri, su rubuta wanne ya yi aiki. Kafin kowane gwaji a bukace su su faɗi abin da suke zato da dalilinsu. Za su ga leda siririya ba ta hana ba, alhali lantarki ba ya bin leda, kuma wannan zai kai su ga gane cewa fuskar filin lantarki take aunawa, wanda ke ratsa siririn abu, kamar yadda yake ratsa gilashin kansa.

Domin ganin hasken infared, a buɗe kyamarar waya, a saita bakin rimot ɗin talabijin gare ta, a danna kowane maɓalli. Ido ba zai ga komai a bakin rimot ɗin ba, amma a fuskar waya za a ga fitilar tana ƙyaftawa da launi mai kama da shunayya. Idan kyamarar baya ba ta nuna ba, saboda wasu wayoyi suna da matatar da ke tare wannan haske, a gwada ta gaba.